Edison ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, ko gumin wasu ya ci?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne, ina aji biyu a sashen lantarki na wata kwalejin kimiyya da fasaha. Tun muna firamare ake gaya mana Thomas Edison ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, wai sai da ya gwada sau dubu yana faɗuwa kafin ya dace. Yanzu kuma kullum sai na ga bidiyo a Facebook da TikTok ana cewa ɓarawo ne, aikin Tesla ya sace, wasu kuma su ce wani baƙar fata ne mai suna Latimer ya yi aikin aka danne sunansa. Don Allah wanne za mu kama?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tambaya uku ka ɗaure da igiya ɗaya: wa ya fara samar da haske da lantarki, me Edison ya yi har sunansa ya rufe na kowa, sannan ta ina Tesla da Latimer suka shigo. Bari in fara cire maka ƙaya ɗaya. Ba Edison ne ya fara yin ƙwan ba, kuma ba daga injiniyan lantarkin nan Nikola Tesla ya same shi ba, domin lokacin da ƙwansa ya kama a 1879 Tesla saurayi ne ɗan shekara 23 a Turai, bai taɓa taka Amurka ba. Abin da Edison ya yi wani abu ne daban, kuma mu da muke shiga kasuwa sayen waya da kuɗinmu mun fi kowa saurin gane shi. Zan zo kai.

Waɗanda suka riga shi

Tun farkon shekarun 1800 wani masanin sinadarai a Landan, Humphry Davy, ya nuna cewa idan ka haɗa sandunan gawayi biyu da babban batir, ka ɗan raba bakinsu, wuta za ta yi tsalle tsakaninsu da haske mai kashe ido. Ka taɓa tsayawa kusa da mai walda ka san irin hasken. Da janareto ya samu, irin wannan fitila ta shiga tituna: a 1878 fitilun wani Barashe, Pavel Yablochkov, sun haska babban titi a birnin Paris, a 1879 kuma na Charles Brush sun haska dandalin birnin Cleveland a Amurka. Amma wa zai sa walda a ɗakin kwanansa? Tana huci, tana ƙara, sandunan suna cinyewa sai an riƙa canza su. Don haka gidaje suka ci gaba da kyandir da kananzir da fitilar gas, wadda ake jawo wa iskar ta bututu kamar ruwan famfo.

Hanya ta biyu ita ce a tura wuta ta cikin siririn abu har ya yi zafi ya yi fari. Ni lagwani nake kiran wannan siririn abu idan ina koyarwa, don aikinsa ke nan. Mutane da yawa sun bi wannan hanya shekaru kafin Edison. Warren de la Rue ya gwada da ƙarfen filatinum a 1840, Alexander Lodygin ya yi nasa a Rasha a farkon shekarun 1870, Henry Woodward da Mathew Evans sun yi wa nasu rajista a Kanada a 1874, daga baya Edison ya sayi haƙƙinsu. Wanda ya fi kowa nisa shi ne Joseph Swan na Ingila, wanda tun wajen 1850 yake fama da takarda da aka mayar gawayi, ya kuma nuna ƙwansa yana ci a gaban jama'a a Newcastle a watan Fabrairun 1879, watanni kafin na Edison.

Abin da ya hana su ci gaba, duk shekara sai na nuna wa ɗalibaina shi a kan teburi. Nakan ɗauki bakin fensirin nan siriri na zane, in maƙale shi tsakanin wayoyi biyu, in kifa kwalba a kai, in jona da batirin mota. Sai ka ga ya fara hayaƙi, ya yi ja, ya yi fari har yara su kau da kai, kafin ka ƙirga goma ya tsinke. Iskar da ke cikin kwalbar ce ta cinye shi, kamar yadda take cinye gawayin murhu. Magani shi ne a zuƙe iskar tas, kuma famfon da zai iya wannan bai samu ba sai 1865, lokacin da wani Bajamushe, Hermann Sprengel, ya ƙera mai aiki da zaiba. Da Swan da Edison duka da irin wannan famfo suka tsallake. Ke nan lokaci ne ya nuna, shi ya sa mutum biyu a ƙasashe biyu suka iso kusan tare.

Yaron da ke talla a jirgin ƙasa

An haifi Edison ranar 11 ga Fabrairu 1847 a garin Milan na jihar Ohio, ya girma a Port Huron ta jihar Michigan. Zamansa a makaranta bai wuce 'yan watanni ba. Shi da kansa ya ba da labarin cewa malaminsa ya ce kansa a birkice yake, mahaifiyarsa Nancy, wadda tsohuwar malama ce, ta ji haushi ta cire shi ta koyar da shi a gida. Labarin nan da ake turawa a WhatsApp, na wasiƙar da uwar ta karanta masa a juye, ya gano ta a akwati bayan rasuwarta yana kuka, ƙari ne na masu son sa mutane hawaye.

Yana ɗan shekara 12 ya fara tallar jarida da alewa a jirgin ƙasa tsakanin Port Huron da Detroit, kuma tun wajen lokacin jinsa ya fara raguwa, har ƙarshen rayuwarsa kusan kurma ne. Wata rana ya fizge ɗan wani ma'aikacin tasha daga gaban tarago, uban ya saka masa da koya masa buga tangaraho. Wannan sana'a ita ce jami'arsa. A nan ya san batir da waya da maganaɗisu da hannunsa. Na'urarsa ta farko da ya yi wa rajista a 1869 ta ƙirga ƙuri'ar 'yan majalisa ce, ba wanda ya saya. Daga nan ya koyi darasin da bai ƙara mantawa ba, wato kafin ka ƙera abu ka fara sanin wa zai biya. Na'urar da ke aika saƙon tangaraho huɗu a waya ɗaya ta kawo masa kuɗi, a 1876 ya gina ma'aikatar bincike a ƙauyen Menlo Park na jihar New Jersey, a 1877 ya fito da na'urar farko da ke naɗar murya ta maimaita. Ita ta sa sunansa ya game duniya, ita ce kuma ta sa da ya ce zai yi fitila, masu kuɗi irin su J. P. Morgan da gidan Vanderbilt suka zuba jari a kamfanin da aka kafa a 1878.

Lissafin jan ƙarfe

To, a nan gizo ke saƙar. A watan Satumbar 1878 Edison ya cika wa 'yan jarida baki cewa ya riga ya gano bakin zaren, saura 'yan makonni. Sai da ya shafe fiye da shekara. Cika baki halinsa ne, kar mu ɓoye. Amma ya fara lissafin daga inda sauran ba su fara ba. Su suna tambayar yadda ƙwai ɗaya zai kama a kan teburi. Shi tambayarsa ita ce, idan zan haska unguwa guda daga tasha ɗaya, in kuma sayar da hasken a farashin da zai kayar da kamfanin gas, jan ƙarfe na nawa zan binne a ƙasa?

Kai ɗalibi ne, ka san dokar: asarar da ake yi a waya tana tafiya da amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) sau amfiya sau turjiyar wayar, wato yadda wayar ke tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om. Ka ninka amfiya biyu, asara ta ninka huɗu. Fitila mai wat 100 a kan bolt 10 tana jan amfiya 10. Wat 100 ɗin nan a kan bolt 100 amfiya 1 kacal take ja. A waya iri ɗaya, asarar ta farkon ta ninka ta biyun sau ɗari. Ƙwan Swan na farko sandar gawayi ce mai kauri, turjiyarta kaɗan, tana shan amfiya da yawa. Tana ci lafiya a ɗakin lacca, amma ka ce za ka ja wa gari guda irinta, sai ka nemi waya mai kaurin hannu, kuma babu attajirin da zai saya maka ita. Edison da masanin lissafinsa Francis Upton suka gano cewa dole lagwanin ya zama siriri, dogo, mai turjiya om ɗari ko fiye, ya yi aiki a wajen bolt 110, a kuma jera fitilun kowace da hanyarta yadda idan ɗaya ta mutu ko aka kashe ta sauran ba su sani ba. Sai bayan sun san irin lagwanin da suke nema sannan suka shiga nemansa.

Na ga wannan lissafi da idona ba sau ɗaya ba. Wani magidanci ya taɓa kirana ya ce batirin solarsa ya lalace, ƙwayayen ɗakin ƙofar gida kamar aci-balbal suke ci. Na je na tarar an ajiye batir mai bolt 12 a can ƙuryar gida, aka ja siririyar waya irin ta lasifika ta bi katanga fiye da mita ashirin. Na ɗora mita a bakin batirin, 12 da ɗoriya, lafiyarsa ƙalau. Na koma ƙofar gida na auna, bai kai 9 ba. Na ce Alhaji kama wayar nan, ya kama ya ji ta da ɗumi. Na ce to ga wutarka nan, katanga kake ɗumamawa. Zaɓi biyu ne, ko ka sayi waya mai kauri, ko mu matso da batirin. Matsalar da ta hana Edison barci ke nan a 1878, ba ƙari ba ragi.

Gwajin lagwani kuwa an yi shi da yawa, wannan gaskiya ne. Sun ɓata watanni a kan filatinum, mai tsada kuma mai narkewa, kafin su koma gawayi. Ranar 22 ga Oktoba 1879 zaren auduga da aka gasa ya zama gawayi ya ci sama da awa 13. Suka koma kwali, suka gwada katako iri-iri, ciyayi, har gashin gemu. A ƙarshe gora ta yi nasara, musamman wadda aka samo daga Yawata kusa da Kyoto a Japan, ta kai sama da awa 1,200. Maganar faɗuwa sau dubu kuwa, ka lura yau a ce dubu gobe a ce dubu goma, lambar tana ƙaruwa ne daidai da zafin mai wa'azin. Kuma ba shi kaɗai ke gwajin ba. Akwai Charles Batchelor mutumin Ingila mai laushin hannu da ke ɗaura lagwanin, da John Kruesi maƙeri ɗan Suwizalan, da Ludwig Boehm Bajamushe mai hura gilashi. Takardar rajistar ƙwan kuwa sunan mutum ɗaya ta ɗauka, na mai gidan. An ba shi ita ranar 27 ga Janairu 1880.

Titin Pearl

Ƙwai ba tare da wuta ba kwalba ce kawai, a lokacin kuma babu inda za ka jona shi. Dole ƙungiyar Edison ta ƙera duk sauran: manyan janareto, wayar ƙarƙashin ƙasa da abin rufe ta, fis, makunni, mazaunin ƙwai, da mita. Mitar tana ba ni dariya har yau. Farantan ƙarfe ne a cikin ruwan sinadari, wuta na wucewa ƙarfe yana tashi daga wannan faranti yana manne wa wancan, ƙarshen wata ma'aikaci ya zo ya ɗauke su a ɗora a sikeli, a rubuta maka bil gwargwadon nauyin.

Ranar 4 ga Satumba 1882 tashar titin Pearl da ke ƙasan Manhattan a birnin New York ta fara ba da wuta. Ba da ka ya zaɓi wurin ba, unguwar bankuna da jaridu ce, ofishin Morgan kansa yana cikin waɗanda aka haska ranar. Wanda zai ba da kuɗi da wanda zai ba da labari duk sun gani da idonsu.

A Ingila kuwa Swan ya gyara nasa ƙwan, har ya haska gidan wasan Savoy na Landan a 1881. Da aka fara shirin zuwa kotu, ɓangaren Edison suka ga ba lallai su yi nasara a can ba, sai aka yi sulhu aka haɗa kamfani ɗaya a 1883, ana kiran hajarsa Ediswan. Shi ya sa har yau idan ka tambayi mutumin Newcastle wa ya ƙirƙiro ƙwan, Swan zai ce maka, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Latimer da Tesla

Lewis Latimer mutum ne na gaske, kuma ya cancanci a san shi. An haife shi a 1848 a jihar Massachusetts, iyayensa bayi ne da suka gudo daga Virginia. Ya koya wa kansa zanen injiniya, shi ya zana wa Alexander Graham Bell zanen rajistar tarho a 1876. A 1880 ya kama aiki da kamfanin Hiram Maxim, abokin hamayyar Edison, inda ya samo hanyar gasa lagwanin gawayi ba tare da ya lanƙwashe ko ya karye ba, aka yi masa rajista a 1882. Sai a 1884 ya koma wajen Edison, yana zane, yana kuma tsaya wa kamfanin shaida a kotu. Ka duba shekarun da kyau: ƙwan ya riga ya kama kafin ya shigo harkar. Ya inganta yadda ake ƙera shi, ba shi ya fara ba. Lallai launin fatarsa ya sa an daɗe ba a ambatonsa, amma ba ma buƙatar mu yi masa ƙarya kafin mu girmama shi.

Tesla ya iso New York a 1884, ya yi wa kamfanin Edison aiki wajen wata shida yana gyaran janareto, ya tafi ransa a ɓace. Ya rubuta daga baya cewa manajan wurin ya yi masa alkawarin dala 50,000 sannan aka ce wasa ne. Rikicinsu na gaske ba na ƙwai ba ne, na irin wutar ne. Edison DC yake bayarwa, mai tafiya hanya guda kamar ta batir. A zamanin babu hanya mai sauƙi ta ɗaga ƙarfinta, don haka tasharsa ba ta iya kai wuta fiye da kamar mil guda. AC mai kai-komo kuwa ana ɗaga ta da taransifoma zuwa dubban bolt, a aika ta nesa da siririyar waya, a sauke ta a bakin unguwa. Taransifomar ma ba Tesla ya yi ta ba, aikin injiniyoyin Hangare ne da William Stanley da wasu. Gudummawar Tesla ita ce injin juyawa mai aiki da AC da tsarin layuka da yawa, wanda George Westinghouse ya sayi haƙƙinsa a 1888.

Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne, lissafin jan ƙarfen da ya ɗaga Edison shi ne ya kayar da shi. Mutumin da ya gane cewa bolt 110 ya fi bolt 10 ya kasa yarda cewa bolt dubu ya fi 110. Ya riga ya zuba dukiyarsa da sunansa a DC. Maimakon ya bi, sai ya koma tsoratar da jama'a. Ya buɗe wa wani Harold Brown ma'aikatarsa ana kashe karnuka da 'yan maruƙa da doki da AC, ya kuma goyi bayan a yi amfani da ita a kujerar kisa, wadda aka fara zaunar da William Kemmler a kanta a 1890. Wannan tabo ne, kuma ban san hanyar wanke shi ba. Bai ma yi amfani ba. A 1892 masu jari suka haɗe kamfaninsa da Thomson-Houston aka samu General Electric, aka cire sunansa daga allo. A 1893 Westinghouse ya haska baje kolin duniya na Chicago da AC, a 1896 wutar AC da ake samarwa da ƙarfin ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo. Wutar da ke taso mana daga Kainji har ta tsallaka Nijar a kan wannan tsari take.

Ni mai waya da mita ne, ba malamin tarihi ba, don haka hukuncin zuciyar mutumin na bar wa masu binciken takardunsa. Abin da sana'ata ta ba ni damar faɗa shi ne, idan malaminka ya tambaye ka a jarrabawa, ka ce Edison da ma'aikatansa ne suka yi ƙwai mai yawan turjiya da ke daɗewa, tare da cikakken tsarin rarraba wutar da ya sa ya shiga gidaje, Swan kuma ya yi nasa a Ingila a lokaci guda.

Ƙwan da ka sani ma ba nasa ba ne

Edison ya rasu ranar 18 ga Oktoba 1931 a West Orange yana da shekara 84, da rajistar ƙirƙira 1,093 a Amurka. Kafin nan ƙwan gawayi ya riga ya zama tsohon yayi. Ƙarfen tangistan, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 3,400, shi ya karɓe wurin: Sándor Just da Franjo Hanaman suka fara a Budapest a 1904, William Coolidge ya samo hanyar jan shi kamar zare a 1910, Irving Langmuir ya cika ƙwan da iskar da ba ta ƙona lagwani a 1913. Shi ne ƙwan mai ruwan ɗorawa da muka taso da shi, wanda masu kaji har yanzu suke saya don ɗumama 'yan tsaki, tunda fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take zama. LED mai wat 9 yau tana ba da hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa, saboda aikin Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura a kan LED shuɗiya, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2014. Ita kuma LED a cikinta DC take ci, haka farantin sola da batirinsa, har wayar da ka turo mini tambayar nan da ita.

Ga aikin gida. Ka nemo tsohon ƙwai mai lagwani, na wat 60, irin mai murɗawa. A jikin kwalinsa za ka ga E27, harafin E ɗin nan na Edison ne, 27 kuma faɗin gindin ne a milimita. Ka lissafa turjiyarsa a kan bolt 230, za ka samu wajen om 880. Sannan ka ɗora masa mita yana sanyi, za ka ga bai ko kai om 100 ba. Ka rubuto mini dalilin wannan bambanci, da kuma dalilin da ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni.